AWON ƘASHI DA HASKEN EKSIRE: DARASI GA ƘASAR KASUWAR DAJI



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar shanu ta Kasuwar Daji, cikin ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, ya ga yadda mahauci ke sayen sa. Ba ya ɗauke da sikeli. Yakan zagaya dabbar, ya latsa tozo, ya shafa haƙarƙari, ya kama gindin wutsiya, sa'an nan ya ƙiyasta a ransa nawa ne nama, nawa ne kitse, nawa ne ƙashi, kafin ya taya. In ya yi kuskure, wuƙa za ta faɗa masa gaskiya kashegari. Likita ma yana fuskantar irin wannan tambaya game da jikin ɗan Adam, amma shi ba shi da damar yanka. Dole ya nemi hanyar da zai auna abin da fata ta rufe, mai jikin kuwa ya tashi ya koma gida lafiya.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, watau awon cikar ƙashi da tsoka da kitse ta amfani da hasken eksire, da na'urar da likitoci ke kira Deksa. Za a duba tarihinta da yadda take aiki, da ma'anar lambobin da take bayarwa, da abin da aka gano game da ƙashin mutanen Afirka ta Yamma, kana a auna amfanin wannan ilmi ga jama'ar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ana roƙon masu rubutu su kula da lanƙwasar harafi, domin a wannan fage ƙashi da kashi suna yawan haɗuwa cikin jimla ɗaya, kuma ma'anarsu ta sha bamban.

Ƙashi rumbu ne

Bahaushe ya san darajar ƙashi a magana. Yakan ce noma ne ƙashin bayan arziki, yakan kuma ce wane yana da ƙashin arziki. Amma galibi ana ɗaukar ƙashi tamkar busasshen icce da aka kafa domin a rataya nama, alhali kuwa rayayye ne, da jini da jijiyoyi a cikinsa. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ba su hutawa: masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo. Ta haka jiki ke sabunta ƙasusuwansa gaba ɗaya cikin kimanin shekara goma.

Abin da ke ba ƙashi tauri shi ne ma'adinin kalsiyam haɗe da fosfaras. Akwai kimanin kilo guda na kalsiyam a jikin baligi, kashi 99 cikin 100 kuma suna cikin ƙashi da haƙora. Ɗan abin da ya rage yana yawo cikin jini, kuma zuciya da tsoka ba su aiki sai da shi. Saboda haka in abinci bai kawo isasshe ba, jiki yakan ɗebo daga ƙashi, kamar yadda maigida ke buɗe rumbu in damina ta yi nisa. Ana cika wannan rumbu tun daga ƙuruciya, musamman lokacin balaga, har zuwa kusan shekara 30. Daga nan sai lallaɓawa. Mace kuwa, idan al'ada ta ɗauke mata, ɗiban yakan fi zubin sauri na wasu shekaru.

Idan ɗiban ya yi yawa, cikin ƙashi yakan koma kamar icen da gara ta ci, waje lafiya, ciki holoƙo. Wannan shi ne za a kira zaizayar ƙashi a cikin wannan lacca. Ba ta da zafi, ba ta da kumburi. Alamarta ta fari sau da yawa ita ce karaya: tsohuwa ta zame a bakin rijiya, ƙashin kwatangwalo ya karye, ko ƙasusuwan gadon baya su dinga lotsawa har ta rage tsawo ta yi doro. Jama'a sukan ce tsufa ne kurum, alhali ciwo ne da ake iya aunawa tun kafin ya kai ga karaya.

Taƙaitaccen tarihi

A ranar 8 ga Nuwamba, 1895, wani malamin kimiyya mai suna Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a jami'ar Würzburg ta ƙasar Jamus. Haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa nama cikin sauƙi, amma ƙashi yana tare mafi yawansa, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto. Wannan ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin kimiyyar fiziks a 1901.

Hoton eksire na yau da kullum gwani ne wajen nuna karaya, amma rago ne wajen nuna zaizaya, domin sai ƙashi ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ma'adininsa kafin idon likita ya tabbatar da canji a hoto. Abin da ake bukata shi ne lamba, ba kamanni ba. A 1963, John Cameron da James Sorenson na jami'ar Wisconsin a Amurka suka fito da hanyar aika siririn haske ta cikin ƙashin hannu, a ƙidaya abin da ya fita ta ɗaya gefen. Hanyar ta yi aiki a gaɓoɓi marasa nama da yawa, amma ba ta iya auna gadon baya da kwatangwalo ba, inda nama ke da kauri, kuma inda karaya ta fi muni. Daga baya aka gwada haske iri biyu a lokaci guda, har kamfanin Hologic na Amurka ya fitar da na'urar Deksa ta farko a kasuwa a 1987.

Yadda na'urar ke aiki

A ɗauka an kawo buhun gero da aka gauraya da yashi, aka ce a faɗi yawan kowanne ba tare da an sheƙe ba. In an ɗora buhun a sikeli kawai, ba za a sani ba. In an auna da tiya kawai, nan ma ba za a sani ba. Amma in an san nauyin tiyar gero da nauyin tiyar yashi, aka kuma yi awon biyu, lissafi zai raba su. Awo biyu suna warware abu biyu da ba a sani ba.

Haka Deksa take yi. Tana aika hasken eksire mai ƙarfi biyu, babba da ƙarami. Ƙashi yana tare ƙaramin fiye da yadda yake tare babban, kuma bambancin ya fi na nama nesa ba kusa ba. Kwamfuta tana kwatanta abin da ya tsira daga kowanne, ɗigo bayan ɗigo, ta cire rabon nama, ta bar na ma'adinin ƙashi, ta ba da amsa da giram a kowace murabba'in santimita. A wuraren da babu ƙashi kuwa, wannan lissafin ne ke raba kitse da tsoka. Don haka in an auna jiki duka, ana samun nauyin abu uku, ma'adinin ƙashi da kitse da sauran nama, na kowane hannu da ƙafa da na gangar jiki. Wasu mayankan ƙasar Ostareliya ma sun kafa irin wannan na'ura domin auna naman tumaki kafin a sassara, aikin da mahauci ke yi da tafin hannunsa.

Mai awo yakan kwanta rigingine a kan gado, na'urar ta bi ta samansa, cikin minti goma zuwa ashirin an gama. Babu allura, babu zafi. Galibi ƙasusuwa huɗu na ƙasan gadon baya ake aunawa, da wuyan ƙashin cinya. Hasken da ke shiga jiki kaɗan ne, bai kai na hoton ƙirji ba, ko da yake ba a yi wa mai ciki. Na'urar tana da nata rauni. Faɗi take gani, ba ta ganin zurfi, don haka mai ƙananan ƙasusuwa yakan samu lamba ƙasa da haƙƙinsa. Tsiron ƙashi da amosanin gaɓɓai ke haifarwa a bayan tsofaffi yakan ƙara lambar a banza. Kumburi kuma, da yake ruwa ne, takan lissafa shi cikin tsoka.

Mudun wa aka auna da shi?

Lamba ita kaɗai ba ta faɗin kome sai an kwatanta ta da wata. A 1994, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da ma'aunin da ake kira makin T, wanda ke nuna nisan ƙashin mutum daga matsakaicin ƙashin matashiya mai lafiya. Daga -1 zuwa sama lafiya ce. Tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa. Daga -2.5 zuwa ƙasa zaizaya ce. Yara da matasa kuwa da makin Z ake auna su, watau a kwatanta su da tsaransu.

A nan ne ya wajaba mai ilmi ya yi hattara. Matashiyar da aka mai da ita mudu Baturiya ce 'yar Amurka mai shekara 20 zuwa 29, kuma an tsara ma'aunin ne domin matan Turawa da al'ada ta ɗauke musu. Kowa ya san tiyar wata kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta wata ba. A ƙasar Gambiya an iske tsofaffin matan karkara da lambobin da, a mudun Turawa, zaizaya ce ƙarara, amma rahoton karayarsu bai kai na Ingila ba. Wani bincike da aka buga a 1991 ya nuna karayar kwatangwalo a Ibadan ba ta kai ta Ingila yawa ba ko kusa. Wannan ya sa aka daɗe ana cewa baƙar fata ba ya zaizayar ƙashi. Maganar ba ta inganta ba. Lissafin asibiti yana ƙidaya wanda ya zo asibiti ne kurum, kuma a ƙasar Hausa mai karaya wurin maɗori yake fara zuwa. Daɗin daɗawa, tsofaffi suna ƙaruwa a Afirka, karayar tsufa kuma tana ƙaruwa tare da su.

Darasi daga Jos da Keneba

Akwai ciwon laushin ƙashi na yara, wanda ke sa ƙafafu su lanƙwashe kamar baka ko su yi gwame, tsintsiyar hannu ta kumbura, yaro ya yi jinkirin tafiya. Littattafan likitancin Turai sun ɗora laifinsa a kan rashin bitamin D, wanda fata ke samarwa in rana ta taɓa ta. To, yaya za a yi yaron Nijeriya, da ke yini cikin rana, ya kamu da shi? Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa sun bi wannan tambaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. A rahoton da suka buga a 1999, sun raba yara 123 masu ciwon gida uku: wasu aka ba su bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyu, na tsawon mako 24, ana ɗaukar hoton eksire na gwiwa da tsintsiyar hannu. Waɗanda suka samu kalsiyam sun fi warkewa. Abincin yaran bai ba su fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a yini ba, alhali masana sun yi ittifaƙi a 2016 cewa ƙasa da 300 haɗari ne ga yaron da ya wuce shekara guda, sama da 500 kuma ya wadatar. Kofin nono na rubu'in lita yana da kusan 300. Tuwon masara ko na dawa ba shi da kalsiyam mai yawa, kuma akwai wani sinadari cikin hatsi da ke riƙe ɗan abin da ke akwai, ya hana hanji tsotsarsa. Daga baya masu binciken sun gwada ba ƙananan yara garin kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, suna auna ƙashin hannunsu da ƙaramar Deksa.

Darasi na biyu daga Keneba ne, wani ƙauye a Gambiya, inda Farfesa Ann Prentice da abokan aikinta suka shafe shekaru suna auna mata masu ciki da masu shayarwa. Mai shayarwa tana zuba kimanin miligiram 200 zuwa 300 na kalsiyam cikin nononta kowace rana, ƙashin bayanta yakan ragu da wajen kashi 5 cikin 100, sa'an nan ya farfaɗo bayan yaye. Kowa zai zaci ƙwayar kalsiyam lokacin ciki za ta ƙara wa irin waɗannan mata ƙashi. Amma rahoton 2010 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar sun fito da ƙashin kwatangwalo mafi rauni fiye da waɗanda ba a ba ba. Da alama jikin da ya saba da ƙaranci ya koyi tattali, ƙwayar kuma ta rikita masa tsari. Ba don awo ba, da babu mai yarda da haka.

Rumbu ba ya zaɓen abin da aka zuba

Jihar Zamfara tana da nata dalili na musamman na kula da ƙashi. A farkon 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Sanadin shi ne gubar dalma. Duwatsun da ake haƙowa domin zinariya suna ɗauke da dalma, ana daka su ana niƙa su cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suka haɗiye ta. Yara sama da 400 suka rasu. Masu aikin share ƙasa sun yi amfani da wata ƙaramar na'urar eksire ta hannu wadda ke faɗin yawan dalma nan take, kuma a wasu wurare kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce. An kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka yi wa yara maganin fitar da gubar. Bagega, ƙauyen da ya fi girma, sai a 2013 aka share shi.

Dangantakar wannan da ƙashi ita ce, jiki yana ɗaukar dalma tamkar kalsiyam, ya kai ta rumbu. A cikin jini rabinta yakan gushe cikin kusan wata guda, amma a cikin ƙashi takan yi shekaru aru-aru na rayuwar mutum, goma, ashirin, ko fiye. A jikin baligi sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ya taɓa sha a ƙashi take. A hoton eksire na yaro takan bar farin layi a bakin dogayen ƙasusuwa. Deksa ba ta auna dalma, akwai wata na'ura dabam da ke auna ta a ƙashin ƙwauri. Amma abin da Deksa ta koyar, cewa ciki da shayarwa suna buɗe rumbu, shi ne abin lura. Binciken Brian Gulson a Ostareliya cikin shekarun 1990 ya tabbatar da cewa tsohuwar dalma tana fitowa daga ƙashin uwa ta koma jini a wannan lokaci, daga nan ta isa ga ɗan tayi. A birnin Meziko kuma an ga ƙwayar kalsiyam ta ɗan rage dalmar jinin masu ciki. Yarinyar da ke da shekara 3 a 2010 ta cika 18 a 2025. Anka da Bukkuyum suna da nisa da Kasuwar Daji, amma aure da ƙaura ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba. Ma'aikaciyar awon ciki a ko'ina cikin jihar tana da dalilin tambayar mace inda ta tashi, da ko an taɓa niƙa dutsen zinariya a gidansu.

Tsoka da kitse a Shinkafi da Zurmi

A ƙasashe masu wadata ana auna jiki duka da Deksa domin sanin kitsen ciki, wanda ke tafe da ciwon suga da hawan jini, ko domin 'yan wasa. A arewacin Zamfara matsalar ƙaranci ce. Yaron da tamowa ta kama yakan ƙone kitsensa, kana ya ci tsokarsa. Ma'aunin da ya dace da shi ɗan zare ne mai launi uku da ake naɗawa a damtsen hannu, wanda a zahiri awon tsoka da kitse ne a wuri guda. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11.5 ga yaro mai wata 6 zuwa shekara 5, rayuwarsa tana cikin haɗari. A 2024, MSF da ma'aikatar lafiya ta jiha sun auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka iske kimanin ɗaya cikin huɗu yana da tamowa. Waɗannan shekaru su ne na aza harsashin ƙashi. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun raba manomi da gonarsa, makiyayi da garkensa, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Inda saniya ta ɓace, ƙwaryar nono ma ta ɓace.

Kammalawa

Deksa na'ura ce mai tsada, tana bukatar tsayayyar wutar lantarki da ƙwararren ma'aikaci, don haka wurinta babban asibiti ne, ba shan-magani na ƙauye ba. Akwai dalilai na neman ta ga manyan asibitoci irin na Gusau da Sakkwato: domin majinyatan da suka fi bukata, da kuma domin a samar da mudu na gida. Amma akwai abin da ma'aikacin gwamnati zai iya yi ba tare da ita ba. Na farko, a tsare nono da kindirmo a abincin yara da 'yammata, a haɗa da miyar kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifi da ake ci har da ƙaya. Na biyu, a jawo maɗora a jiki, su riƙa tura duk tsohon da ya karye daga ɗan faɗuwa zuwa asibiti, a kuma riƙa rubuta adadinsu. Na uku, tsohuwar da ta rage tsawo, da mai shan magungunan kumburi irin su firedinisolon na tsawon watanni, su ne na gaba a layin awo. Na huɗu, a hana niƙa dutsen zinariya cikin gida, a kuma ci gaba da gwada jinin waɗanda suka sha dalma suna yara. Ɗalibai masu nazarin harshe kuma suna da nasu aiki, watau samar da kalmomin da ma'aikacin lafiya zai yi wa tsohuwa bayani da su ta gane.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashin da za a auna a shekara 60 tun a shekara 6 ake gina shi.